Taliyar Ma Ilyasu

Gyaran iyakwandishan ne ya kai ni, ba yunwa ba.
Sharafiyya, bayan la'asar, Jidda na tafasa,
gumi ya manne min riga a gadon baya.
Jajayen fitilu biyu na reto a bakin ƙofa,
rubutu a sama kamar sawun kaji a kan rairayi,
a ƙarƙashinsa da Larabci: halal.

Ina kan tsani na hango shi ta tagar kicin.
Ya ɗauki curin kwaɓin alkama, ya miƙe shi gaba guda,
ya maka a tebur, fam!
Ya ninka, ya ja, ya ninka, ya ja,
ɗaya ya koma biyu, biyu suka haifi huɗu,
lissafi ya ƙwace min wajen talatin da biyu.
Kakata Barmani ta shekara hamsin tana kaɗi,
ba ta taɓa fitar da zaren da ake ci ba.

Sanyi ya dawo. Ya ƙirga min riyal ɗari da hamsin,
sannan ya nuna kujera da haɓa.
Larabcinsa gurgu, nawa mai ɗingishi,
suka dafa juna suka kai mu.
Sunansa Ma Ilyasu. Garinsu Lanjo,
inda kogi mai launin kunun kanwa ya ratsa gari.

Kwano ya sauka.
Romon sa garau, kana hango taliya kwance a ƙasa,
jan man barkono na yawo a kai, ɗanyen ganye, nama fale-fale.
Ya miƙo min tsinke biyu, wai cokali ke nan.
Na kama, ta zille.
Na sake kamawa, ta mare ni a haɓa.
Wata yarinya a teburin gefe ta cusa dariya cikin abayar uwarta.

Tsakiyar ɗakin, tebur zagayayye mai gilashi yana juyawa,
injiniyoyi shida, kowa na zuƙar romo fuut, ba mai jin kunya,
akushi ke zuwa wurin mutum, ba mutum ke miƙa hannu ba.
Shayi ba sukari. Na sha don kara.

Ya ce ƙasarsu ba tukunya ɗaya ba ce.
Ga tsiren mutanen Shinjan, rago da kitse, an barbaɗe da kamun.
Ga na Sicuwan: ya ba ni wani ɗan ƙwaya kamar masoro, na tauna.
Ba zafi. Sai leɓena ya kama rawa, harshe ya mutu murus.
Shekara sha ɗaya ina aikin lantarki,
ban taɓa jin wuta ta ja ni a baki ba sai ranar.
Mutanen kudu fa? Ya girgiza kai:
su sukari suke sa wa nama, Allah ya shirye su.

Aka kira magariba. Ya jawo ƙofa rabi,
ya karkaɗe gari daga gemu, ya gyara farar hula.
A sahu kafaɗarsa na ƙamshin albasa, tawa na warin gas.

Ran Alhamis na koma da ƙullin yaji,
dakan surukata Lantana, mai ƙuli-ƙuli da citta.
Ya lasa. Ya yi atishawa uku. Ya yi shiru.
Ya juya, ya barbaɗa a kan tsire biyu,
ɗaya nawa, ɗaya nasa.

Na yaba taliyar. Ya ce a'a, ba ta kai ba.
Ruwan nan na teku ne, an dai cire masa gishiri,
kwaɓi kuwa ya san ruwan da ya haife shi.
Ban ce komai ba.
A gida matata na faɗin haka duk ran da ta tuƙa tuwo.